Shagon da ya farfaɗo da tsohuwar kwamfutata a Damagaram

Kwamfutar da nake buga takardun jarrabawar ɗalibaina da ita ƙirar ThinkPad T430 ce, samfurin da ya fito a 2012, kuma da hunturun bana ya kankama sai ta fara ɗaukar zafi tana mutuwa ana tsakiyar aiki. Na kai ta wani ƙaramin shagon gyara da ke kusa da Kasuwar Dole, ina tsammanin za a ce mini in haƙura in sayi sabuwa.

Mai gyaran bai ce haka ba. A gabana ya kwance ƙusoshinta ya jera su cikin murfin kwalba, ya nuna mini fankarta da jar ƙura ta toshe har ta dunƙule kamar auduga, sannan ya ce, "Malam, wannan ba ta tsufa ba, numfashi ne ya gagare ta." Bayan ya share fankar, sai ya ciro faifan ajiya mai juyawa ya ɗora mini a tafin hannu. Na daɗe ina kallonsa, domin kakan wannan faifan, wanda kamfanin IBM ya fitar a 1956, girmansa ya kai na firiji biyu, amma abin da yake ɗauka bai wuce haruffa miliyan 5 ba. IBM ɗin ne kuma ya fara ƙera ThinkPad a 1992, kafin ya sayar wa kamfanin Lenovo sashen da ke ƙera ta a 2005. Mai gyaran ya maye gurbin faifan da SSD, wato sabon nau'in ma'ajiya wanda babu abin da ke juyawa a cikinsa, kuma yanzu kwamfutar tana tashi kafin in gama zuba shayi.

Abin da ya fi burge ni shi ne gaskiyarsa. Ya gaya mini tun kafin in biya cewa tallafin tsaro na Windows 10, wato manhajar da kwamfutar ke aiki da ita, ya ƙare a watan Oktoban 2025, kuma wannan samfurin ba ya cikin waɗanda aka amince su ɗauki Windows 11, don haka in yi hattara da intanet. Ya kuma saita mini madannai yadda zan iya rubuta ɓ, ɗ da ƙ ba tare da wahala ba.

Inda shagon ya gaza shi ne alƙawari: an ce kwana biyu, sai da na yi sawu uku cikin kwana biyar, kuma ba a ba ni rasit ba sai da na nema. Duk da haka, kwamfutar ƙanwata da ta daina caji can zan kai ta ranar Alhamis.