GARGAƊI: Mai tallan raita da "faifan Japan" a WhatsApp ya cinye min N260,000

Jama'a masu buga faifai, masu ɗaukar biki da walima, masu shagon kwamfuta, ku tsaya ku karanta kafin wani ya faɗa ramin da na faɗa. Naira dubu ɗari biyu da sittin. N260,000. Raita, wato na'urar buga faifai, guda shida a kan N18,000 kowanne, N108,000 ke nan. Faifai fakiti 12 masu guda hamsin-hamsin a kan N9,500, N114,000. Kuɗin mota N8,000. Sai N30,000 na ƙarshe, wadda ita ta fi ci min rai, zan zo kanta. Hotunan hirarmu da rasit ɗin tiransfa duk suna nan, zan ɗora su da zarar na rufe lambobin mutanen da ba ruwansu.

Kada wani ya zo yana ce min kwaɗayin araha ne. Ba araha ya sayar min ba. Da ya karya farashi ma da na tsorata.

Kiran bidiyo ya yi min, kuma wannan kiran ne har yanzu yake dawo min. Ya ce, "Alhaji, kai ba irin wanda ake yi wa dogon bayani ba ne, duba da idonka." Ya buɗe ImgBurn, manhajar buga faifai, a gabana, ya yage ledar fakiti a gabana, ya ɗauki faifan sama ya saka. Allo ya nuna TYG02. A wurin sunan raita kuma ga shi ɓaro-ɓaro, iHAS124 B, samfurin kamfanin Lite-On. To duk wanda ya san harkar nan ya faɗa min, me ya rage in tambaya? TYG02 lambar faifan DVD-R mai gudun 8x ce ta kamfanin Taiyo Yuden na Japan, faifan da duk mai sana'a ya san ba ya ba da kunya. Kamfanin ya daina yin faifai a ƙarshen 2015, shi ya sa da ya ce ragowar wani sito ne da aka kwashe, maganar ta zauna min. Na ce ya juya faifan in ga cikinsa, ya juya. Na ce ya kusanto da kyamara zoben tsakiya, ya kusanto, na ga lambar da ta fara da GG da idona. Har yana dariya yana cewa, "Alhajina, ai na faɗa maka." Gani ya kori ji, na tura kuɗi. Sunan asusun ba nasa ba ne, ya ce na ƙaninsa ne. Nan ya kamata in ja baya, ban ja ba.

Faifan da ya nuna min na gaskiya ne. Raitan da ya nuna min ma na gaskiya ne. Abin da ya aiko ne daban.

Bari in fara da faifan. A kowane fakiti guda biyar na sama orijina ne, sauran arba'in da biyar jabu, an sake naɗe su da leda tsaf. Cikin 600, sittin ne kawai na kirki. Kuma jabun ma idan ka saka shi a kwamfuta TYG02 zai nuna maka. Wannan lamba ba hatimi ba ce, rubutu ne da ake bugawa a jikin faifai tun a masana'anta, kuma an daɗe da sanin cewa ƙananan masana'antu suna aron lambar Taiyo Yuden su ɗora a nasu don raita ta karɓe shi da gudu. Ni na san wannan, shi ya sa ma na nemi ganin zoben tsakiya. Na gaskiyar TYG02 lambar zobensa da GG take farawa, mai gudun 16x wato TYG03 kuma da GH. Jabun da ke ƙasan fakitin wasu ba lamba sam, wasu wani tarkacen haruffa ne. Ka ɗaga shi a hasken taga ka ga launin shunayyar ciki bai kai baki daidai ba, ya yi dabbare-dabbare a gefe kamar an ɗiga ruwa a kan shuni. Na gaskiya launinsa ɗaya ne tun daga ciki har baki.

Abin da ya sa lambar aro take kashe aiki shi ne: a cikin kowace raita akwai famwe, wato manhajar da ke zaune a ƙwaƙwalwarta, kuma a ciki akwai jadawalin lambobin faifai. Idan ta karanta TYG02 sai ta ɗauko ƙarfin leza da tsarin rubutun da aka auna wa sinadarin Taiyo Yuden. Sai ta zuba wannan awo a kan wani sinadari daban mara inganci. Farkon faifai yakan wuce lami lafiya. Da yake rubutu daga tsakiya yake farawa ya nufi baki, kuma a baki ne gudu ya fi yawa, sinadarin jabu kuma ya fi ɓaci, sai ɓarnar ta taru a ƙarshe. Na auna da Nero DiscSpeed, manhajar auna ingancin faifai, a tsohuwar raitata. Ƙa'idar DVD ita ce kurakuran PIE, wato ƙananan kurakuran karatu, kada su wuce 280, PIF kuma, wato waɗanda gyaran farko ya kasa, kada su wuce 4. PIE ɗin na saman fakitin bai kai 20 ba daga farko har ƙarshe. Na ƙasan ya fara a wajen 50, yana wuce gigabait uku da rabi ya haura 1,000, zanen ya miƙe kamar katanga.

Aikin saukar karatu ne na wata Islamiyya, kwafi 400. Mutane suka fara dawo da shi, kowa bakinsa ɗaya: yana kaiwa wajen addu'ar rufewa sai hoton ya dage, fuskar Malam ta farfashe gida-gida, sannan ya tsaya cak. Wani dattijo ya ajiye nasa a kan tebur ya ce, "Ɗana, ko injinka ne ya gaji?" Ban iya ɗaga kai ba. A kwamfuta wasu suna buɗewa, domin idon raitar kwamfuta ya fi na bidiyon gida haƙuri, amma ka ce za ka kwafo fayil ɗin sai ta tsaya a kusa da ƙarshe ta rubuto maka "cyclic redundancy check", wato ta kasa karanta wurin daidai. Eh, injin kwafina yana da tsarin da yake gwada kwafi da na asali bayan ya gama. Na kashe shi saboda yana kusan ninka lokaci, ga ranar walima ta matso. Wannan laifina ne, na ɗauka. Amma ba ni na cusa jabu a ƙasan fakiti ba.

A'a, na ma tsallake, kafin a fara dawo da faifan matsalar raitocin ce ta fara fitowa. Ranar da kayan suka iso kai tsaye na ɗaura su a injin kwafi, ban bi ta kwamfuta ba. Me zai sa in bi, bayan na ga iHAS124 B da idona? A zagayen farko raita biyu suka tofo faifai tun kafin su fara rubutu. Na ciro ɗaya na haɗa da kwamfuta, ImgBurn ya ce "Power Calibration Area Error". Ma'anarsa, kafin raita ta fara aiki takan gwada ƙarfin lezarta a wani ɗan fili da ke can cikin faifai, idan gwajin bai ba ta awon da take so ba sai ta ƙi. Abu uku ne suka fi jawo shi: faifai mara kyau, ido mai datti, ko leza da ta tsufa. Wani lokaci kuma wutar 12V ce ta yi rauni. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na sauya wayar SATA, na sauya wayar wuta, na buɗe murfi na goge idon da auduga da ɗigon sifirit a hankali, na bari ya bushe. Na saka wani faifai na kirki da nake da shi a ajiye, ta sake ƙi. Na saka CD, ta buga shi sumul. Nan magana ta ƙare, domin lezar CD daban take da ta DVD, ɗaya 780 ce ɗaya 650 a ma'aunin nanomita, kuma ta DVD ce ta mutu. Raitocin nan sun yi shekaru suna aiki a injin wani, aka goge musu fuska aka manna sabuwar takarda. A cikin ɗaya har da curin ƙura da gashi a kan sandar da ido yake gudu.

Na kira shi. Wallahi ya ɗauka, kuma da ladabi. "Subhanallahi, Alhaji, ai famwe ɗinsu ne tsoho, bai san wannan faifan ba. Akwai injiniyanmu da yake da sabo, N30,000 ne na duka shidan." Dubu talatin. Ni da na san kamfanoni kyauta suke sakin famwe. Ni da na san TYG02 ya girmi raitar kanta, babu yadda za a ce ba ya cikin jadawalinta. Amma ka sa kanka a matsayina: N230,000 ta riga ta fita, aiki kwafi 400 yana jira, mutum yana ɗaukar waya yana ba ka haƙuri. Kuma maganarsa ba ƙarya ce tsantsa ba, da gaske sabon famwe yakan ƙara sababbin lambobin faifai ya gyara tsarin rubutu, na sha gyara raita ta haka. Ɗan damfarar da ya iya sana'arsa ke nan, sai ya haɗa maka da abin da ka sani. Na tura. N30,000. Ya turo fayil ta WhatsApp, Windows Defender, mai gadin kwamfuta daga mugayen manhajoji, ya kama shi nan take, ya ce in kashe, wai duk manhajar filashin, wato ta zuba wa raita famwe, haka take yi. Na kashe.

A nan ne na ga cewa shidan ma ba iri ɗaya ba ne. Takardar jikinsu duk B, amma kwamfuta ta nuna uku B, biyu C, ɗaya Y. Harafin nan na ƙarshe ba ado ba ne, shi yake faɗin kayan ciki. Sunan iHAS124 ɗaya ne amma allon ciki daban-daban, B tana da ƙwaƙwalwar MediaTek, Y kuma ta NEC ce gaba ɗaya. Manhajar filashin ta kamfani takan duba wannan, idan bai dace ba ta ƙi. Tasa an cire mata wannan binciken. Na tambaye shi, na rantse na tambaye shi, saƙon yana nan da lokacinsa, ya ce, "Danna kawai Alhaji, zai mayar da su B." Na san ana sauya famwe tsakanin 'yan gida ɗaya, kamar a mayar da iHAS124 B ta koma iHAS324 B, saboda kayan cikinsu ɗaya. B da B ke nan. Ba C da B ba. Na sani, na kuma danna.

Biyun C sun mutu a wurin. Fitila tana ƙyaftawa, tire ba ya fitowa, BIOS ɗin kwamfuta ma ba ya ganinsu. Ba ɗauke wuta aka yi ba, a kan UPS nake, kada wani ya kawo min wannan. Ta Y ta tsira ne kawai don manhajar ba ta ma iya magana da ita ba. Ukun B sun karɓa, amma abin da ya zuba musu ya taɓa EEPROM, inda awon lezar kowace raita yake, wanda ake yi mata ita kaɗai a masana'anta. Ɗaya da take ɗan taɓukawa a gudun 4x, tana cika faifai cikin kusan minti 15, yanzu ko wannan ba ta yi. Masu MediaTek wani lokaci ana farfaɗo da su da manhajar DosFlash idan kana da kwafin famwe da EEPROM na asali. Ban ajiye ba. Minti biyu ne aikin, ban yi ba.

Ita kwamfutar kuma sai da na sake mata Windows, domin tun daga ranar wani abu yake cin intanet a ɓoye.

Washegari lambarsa ta daina shiga. Hotonsa ya ɓace a WhatsApp, shafin Facebook ɗin da na fara ganin tallan ya sauya suna ya koma sayar da sola. Na je banki na cike takarda, na kai ƙara, an ce in jira. Direban motar da ya kawo kayan ya ce shi a tasha wani yaro ya miƙa masa kwali. N260,000, ban da faifai 400 da na sake saya da kuɗina, ban da kwana uku ina sake bugawa a raita ɗaya tilo. Wani abokin sana'a da na ba labarin ya yi shiru, sannan ya ce shi ma an yi masa kiran bidiyon nan, har da "duba da idonka".

Ba na zargin Taiyo Yuden ko Lite-On da komai, sunansu aka ara. Kuma a daina turo min saƙon "ai da ka tambaye ni".

In za ku sayi faifai, ku zaro daga tsakiya da ƙasan fakiti, ku duba zobe, ku cika shi taf har 4.38GB ku gwada a bidiyon gida. Raita ku haɗa ta da kwamfuta ku karanta sunanta har harafin ƙarshe kafin ku biya. Famwe ba a sayensa, kuma ba a karɓarsa ta WhatsApp. Duk wanda aka yi wa irin wannan kiran ya ajiye lambar asusun da aka ba shi, ina so in ga ko ɗaya ce da wadda ke jikin rasit ɗina. Hotunan suna zuwa anjima, har da na zoben faifan guda biyu a jere.