Dudeney ko Gardner: da wa za a fara wa yara?

Malam, ka ce za ka buɗe wa ɗalibanka na Tudun Wada zaman wasa ƙwaƙwalwa da lissafi, kana tambayar wanda za ka fara da shi tsakanin Henry Dudeney da Martin Gardner. Ni dai Gardner na zaɓa maka.

Dudeney mutumin Ingila ne, an haife shi a 1857, ya rasu a 1930. Maƙeri ne, da hannunsa yake ƙera kacici-kacicin ya ajiye maka. Wanda ya fi yi masa suna shi ne a yanka alwatika mai gefe uku daidai gida huɗu, a harhaɗa ta koma murabba'i. Na zauna da almakashi da kwalin sukari, na ɓata kwali uku, sai da na leƙa amsa. Inda gizo ke saƙar, tambayoyinsa da dama da tsohon kuɗi aka gina su: kwabo 12 sule guda, sule 20 fam guda. Dattawanmu na cikin birni za su ji daɗi, amma yaron da bai san komai ba sai naira, wadda ta zo tun 1973, sai ka fara koya masa kuɗin tukuna.

Gardner kuwa Ba'amurke ne, an haife shi a Tulsa a 1914, ya rasu a 2010. Falsafa ya karanta a Jami'ar Shikago, bai yi darasin lissafi a jami'a ba. Daga 1957 zuwa 1981 yana da shafi duk wata a mujallar Scientific American. Shi dillali ne na ƙwarai: ya karɓo haja daga manyan masana ya baje wa kowa, kamar yadda ya fito da wasan rayuwa (Game of Life) na masanin lissafi John Conway a 1970, wasan da gidajen allo ke rayuwa ko mutuwa bisa 'yan ƙa'idoji kaɗan. Da yake shi ma sai ya yi gumi kafin ya gane, ya san daidai inda mai karatu zai yi tuntuɓe, sai ya tsaya nan ya riƙe masa hannu. Abin da ya sa nake ƙaunarsa ke nan.

Ranar farko ka zana musu hatimi mai gida tara, su jera 1 zuwa 9, kowane layi ya ba da 15. Su duka biyun sun yi rubutu a kansa, amma ka gaya wa yaran cewa Malam Muhammadu Alkashinawi, Bakatsine, ya riga su tun 1732. Dudeney kuma ka ajiye shi sai zango na biyu.