Sayar da waya ta hannu a Legas: Jiji ko dillalan Computer Village?

Assalamu alaikum. Malam, na ga tambayarka game da wayarka Samsung da kake son rabuwa da ita, ko ka kai ta kasuwar wayoyi ta Computer Village a Ikeja a yi maka musaya ka yi ciko, ko kuwa ka saka ta a Jiji, shafin tallar kaya na intanet, ka jira mai saye. Shawarata ita ce ka saka ta a Jiji, ka sayar da kanka, kuɗinka ya shiga asusunka, sannan ka fita neman wadda za ka saya a matsayin ciniki na daban. Sai fa idan wata lalura ce ta taso wadda ba za ta jira gobe ba, a nan kam kasuwa ta fi sauri.

Dalilina yana komawa ne ga abin da dillali yake cin la'ada a kansa tun asali. Shi ya san mai nema, shi ya san farashin da ake sallamawa a yau, mai kaya kuwa bai san ko ɗaya ba, don haka abin da yake ragewa a kuɗin mutum hakkin wannan sanin ne, kuma babu laifi a ciki. Amma zamani ya juya. Kafin 2001 layukan tarho na kamfanin gwamnati NITEL a duk faɗin Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, wanda yake son sayar da rediyo ko keken ɗinki sai ya ɗauka ya nufi kasuwa. A watan Agusta na wannan shekarar MTN da Econet suka fara aikin wayar salula, lokacin da layi ɗaya yake kai naira 20,000, kuma ita kanta Computer Village da ke titin Otigba da kewayensa ta wannan hanyar ta bunƙasa. Daga baya wayoyi masu kyamara da intanet suka wadata, har ya zama mutum yana zaune a Ikorodu yana ƙirga tabon da ke jikin wayar da take Agege. A 2011 aka ƙaddamar da tsarin NIBSS na tura kuɗi nan take tsakanin bankuna. An buɗe Jiji a nan Legas a 2014, a 2019 kuma ya saye harkar OLX, wani shafin talla irinsa, a Najeriya da wasu ƙasashen Afirka, masu neman kayan hannu suka taru wuri guda. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya ƙarasa aikin, domin a lokacin har mai shayi da mai tsire sun koyi karɓar tiransifa. Sanin da dillali yake sayar mana a da, yanzu mafi yawansa yana cikin wayar da kake son sayarwa.

Ta fuskar kuɗi bambancin a fili yake. Mai shago yana biyan haya, yana sallamar yaran da ke jawo masa masu ciniki daga bakin titi, zai goge wayar ko ya canza mata wani abu, kuma tana iya kwana a gilashinsa har farashinta ya faɗi, saboda haka dole ya taya ƙasa da abin da ya san zai sayar. Musaya ta fi wannan ɓoye lissafi, kuma ita ce nake ƙi maka. A musaya ciniki biyu ake haɗawa a lamba ɗaya: a rage kuɗin taka, a ɗaga kuɗin tasu, kai kuwa abin da kunnenka zai ji kawai shi ne nawa za ka cika, sai ka dawo gida ba ka san nawa aka sayi wayarka ba. A Jiji za ka rubuta samfurin wayarka da girman ma'ajiyarta, ka ga abin da masu irinta suke nema a Legas kafin ka buɗe baki. Ka dai tuna cewa waɗannan kuɗin da ake nema ne, wanda ake sallamawa yakan ɗan yi ƙasa, don haka ka ɗora kaɗan a kan abin da za ka karɓa domin mai saye ya samu wurin neman ragi.

Wayar da na riƙe kafin wannan ta hannuna, ita ma Samsung ce, a Jiji na sayar da ita. Wadda ta saya wata baiwar Allah ce, tela, Bayarabiya daga Ketu, ta zo da ƙanenta muka haɗu da rana tsaka a wani gidan abinci kusa da tashar mota ta Ikeja. Ba ta tambaye ni ƙarfin injin wayar ba. Leshi shuɗi mai duwatsu ta ciro daga jaka, ta shimfiɗa a kan tebur kusa da taga, ta ɗauke shi hoto, ta ja hoton da yatsu biyu ta ƙura ido a kan aikin wuyan. Ta ce tsohuwar wayarta tana mayar da shuɗi toka-toka, masu ganin ɗinkinta a WhatsApp sai su zaci yadin ya koɗe. Ƙanen nata ya gwada caji da lasifika, ya saka layinsa ya yi kira. Da na nuna musu ɗan tsagin da ke kusurwar baya, wanda na riga na saka hotonsa a tallar, sai ta ce ai saboda wannan hoton ne ta kira ni ta bar sauran, domin wanda ya nuna aibin kayansa ba zai ɓoye wani ba. Ta taya, na ce albarka, ta ƙara, na sallama, muka zauna har kuɗin ya bayyana a manhajar bankina. Abin da na karɓa ya zarce abin da aka taya mini a kasuwa nesa ba kusa ba, kuma da Sallah ta zo sai ga gaisuwarta tare da hoton ɗinkin da ta yi wa 'ya'yanta, launinsa ya fito sarai.

Game da kai wa 'yan kasuwa, iyakar abin da zan ce shi ne za ka fito da kuɗi a ranar, ba wanda zai dame ka da kira.

Ita ma hanyar intanet tana da nata kuɗin, sai dai da haƙuri ake biyansa. Saka talla kyauta ne, akwai kuma tsarin da ake biya a ɗaga ta sama, wanda ban ga buƙatarsa ba ga mai waya ɗaya. Za a kira ka a taya rabin kuɗi, wani ya ce yana hanya ya kashe waya, wani ya yi ta tambaya ba ya da niyyar saye. Kada ka bi kowa zuwa Ajah ko Festac, ka shiga cunkoson gadar Third Mainland saboda wanda ba ka taɓa gani ba. Mai son kaya shi ke zuwa wurin kaya. Ka zaɓi wuri mai jama'a da rana, kamar Ikeja City Mall a Alausa ko harabar banki, ka tafi da wani, kada kuma ka ba da adireshin gida. Jiji ba ya riƙe kuɗin kowa, haɗa ku kawai yake yi, don haka tsaron cinikin yana wuyanka. Saƙon alat ana iya ƙirƙirarsa, hoton rasit ma haka, saboda haka wayar ba ta barin hannunka sai ka buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin ya hau kan abin da ke asusunka. Wanda ya ce ya tura amma sabis ne ya riƙe, ya zauna ku jira tare. Wanda kuma ya ce ka karanto masa wata lamba da aka turo maka don ya tabbatar kai ne mai tallar, asusunka na banki ko na WhatsApp yake nema, ka katse kiran.

Kafin ranar haɗuwa ka kwashe hotunanka da lambobinka, ka fita daga manhajojin banki, ka cire asusunka na Google da na Samsung, sannan ka mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani. Idan asusun bai fita daidai ba, wayar tana iya neman kalmar sirrinka a hannun mai saye, ya dawo yana zarginka. Ka cire layi da katin ajiya. Idan kwali da rasit suna nan ka ɗauke su hoto ka saka a tallar, suna ƙara wa waya daraja. Bayan ciniki ya faɗa, ku rubuta 'yar takarda mai ɗauke da sunayenku da kwanan wata da lambar IMEI ta wayar, wato lambar shaidar da kowace waya ke da tata, kowa ya sa hannu ya riƙe tasa, domin idan aka aikata wani laifi da ita nan gaba, wannan takardar ce shaidarka.

Ba ka tambayi wannan ba, amma tunda wata wayar za ka saya da kuɗin, dole in ja kunnenka a kan masu sayarwa marasa tsoron Allah, waɗanda suke a intanet suke kuma a bakin titin kasuwa. Duk wanda ya ce ka tura kafin alƙalami ko kuɗin ɗan aike kafin ka ga kaya, ka rabu da shi, ko da ya rantse, ko da ya yi maka Hausa ya ce shi ɗan garinku ne. Wasu suna kwafo hoton wayar wani su saka farashin da ya yi ƙasa da na kowa, kuma arahar ita ce tarkon. Wasu suna canza gilashi da batir da na jabu su kira ta tokumbo, wato ta hannu da aka shigo da ita daga waje. Ka danna *#06# ka gwada lambar IMEI da ta fito da wadda ke jikin kwali, idan sun saɓa ka ajiye. Idan iPhone ce, mai ita ya fita daga asusunsa na iCloud a gaban idonka, in ya ce ya manta kalmar sirri, to wayar ba za ta yi maka amfani ba, kuma wataƙila ba tasa ba ce. Akwai wata sabuwar cuta da ta fi waɗannan ɓoyuwa, wato wayoyin da ake ɗauka bashi a riƙa biya kaɗan-kaɗan: mutum ya sayar maka da ita tana aiki lafiya, ya daina biya, kamfanin da ya ba da bashin ya kulle ta daga nesa tana aljihunka. Wayar sata kuwa, wanda aka same ta a hannunsa shi ake fara kamawa, kuma mu da muke zaune a garin da ba namu ba mun san irin wahalar da ke cikin wanke kai a caji ofis.

A wajen saye ne shago yake da amfanin da intanet ba ta da shi, domin yana da ƙofar da za ka koma gobe. Idan kuɗinka ya shigo, ka je Computer Village da wanda ya san waya, ku wuce masu tare hanya ku shiga shago mai suna, a gwada komai a gabanka, a rubuta maka rasit mai lambar IMEI da kwanakin da aka yarda ka mayar idan matsala ta fito, sannan ka biya. Idan ka ɗauki hotunan wayarka, turo su nan kafin ka saka tallar, mu taya ka duba farashin da ya dace.