Sharhi Kan Ƙwayoyin Bitamin B-Complex da Ake Saya wa Tsofaffi Masu Mantuwa

Ƙwayoyin B-Complex da ake sayarwa a kemis suna da araha da sauƙin haɗiya, amma wanda ya saya wa dattijonsa da fatan za su warkar da cutar mantuwa ya ɗora musu nauyin da ba za su iya ɗauka ba. Gaskiya ne cewa B6 da B12 da folik asid, waɗanda duk bitamin B ne, suna rage homosistin, wani sinadari a jini da ake danganta yawansa da mantuwa, kuma binciken Jami'ar Oxford na 2010 ya nuna sun rage saurin ƙanƙancewar ƙwaƙwalwa da kusan kashi 30 cikin ɗari, sai dai an yi shi ne kan masu ƙaramar mantuwa, da B12 mai nauyin microgram 500, alhali yawancin kwalaben da na duba B12 ɗin ɗan kaɗan ne a cikinsu.

Amfaninsu ya fi bayyana ga wanda gwajin jini ya tabbatar yana da ƙarancin B12, musamman mai ciwon sukari da ya daɗe yana shan metformin, ko tsohon da ya rage cin hanta, kifi, ƙwai da nono. Fitsarin mai shan su kan koma ruwan ɗorawa, wanda ba abin tsoro ba ne, amma yawan B6 yana lalata jijiyoyin hannu da ƙafa. A duba lambar NAFDAC kafin a biya kuɗi.