Keken gwanjo mai hob fuska biyu: fiksi ya yi daɗi, zoben makulli ya ɓata wasan

Keken da nake magana a kai ɗan gwanjo ne, firam na ƙarfe, taya 700 mai faɗin milimita 28, kiranki mai haƙori 46. Abin da ya ja ni gare shi hob ɗin baya ne, wato cibiyar taya inda wayoyi ke haɗuwa, irin mai fuska biyun nan. Gefe ɗaya firiwil ne mai haƙori 18, kamar na kekunan da muka taso muka gani a gidajenmu. Ɗaya gefen kuma kafaffen haƙori ne mai 16, irin na masu tseren fili, wanda samari ke ce wa fiksi. Kuɗinsa ba sai na faɗa ba, kowa ya san inda gwanjo ya kai yanzu.

Ga wanda bai taɓa hawa ba: a firiwil in ka gaji sai ka tsayar da ƙafa, keke ya ci gaba da gangara abinsa. A fiksi babu wannan hutun. Haƙorin a ɗaure yake da hob, muddin taya tana juyawa feda ma tana juyawa, in ka danne ta baya gudu ya ragu.

Gaskiya da farko fiksin ya burge ni ƙwarai. Kano gari ne shimfiɗaɗɗe, in ka cire gadojin sama babu wani hawan kirki, don haka 46 da 16 ta zauna daidai. Juyin feda ɗaya yana ba ka mita 6 da ɗan ɗoriya, a gudun kilomita 30 cikin awa ƙafa tana juyi kamar 80 a minti, ba ka haki. Inda ya fi nuna kansa shi ne cunkoson wajen Bata da Sabon Gari. Kana bin bayan a-daidaita-sahu a hankali, da ƙafa kake ƙara gudu, da ƙafa kake ragewa, hannu bai taɓa birki ba. Keken shiru, ko ƙas ba ka ji. Da a makon nan na farko na rubuta sharhin, da cewa zan yi kowa ya je ya saya.

To ga inda aka samu matsala, kuma ita ce dalilin rubutun nan.

Gefen fiksi na hob zare biyu gare shi, ɗaya a bayan ɗaya. Na ciki ya fi kauri, shi ne na haƙorin, zaren dama ne, kamar kowane noti. Na waje ya ɗan fi siranta, na wani zobe ne da ke kulle haƙorin, kuma zaren hagu ne: in za ka ɗaure shi sai ka murɗa ta inda ka saba kwancewa. Hikimar a fili take. Duk lokacin da ka danne feda baya, haƙori yana son kwancewa, sai ya turo zoben, shi kuma zoben wannan turin ƙara ɗaure shi yake yi. Amma fa sai in su biyun a manne suke ƙam. Nawa ba haka ya zo ba. Wanda ya haɗa shi da hannu kawai ya ɗaura haƙorin, ya bi da zobe. Da aka fara takawa da ƙarfi haƙorin ya ƙara shigewa ciki, ya bar ɗan gibi tsakaninsa da zoben, gibin da ido ba ya gani.

Alamar tana zuwa, kuma ina roƙon duk mai irin wannan keke ya lura da ita. Idan ka sauya daga takawa gaba zuwa dannewa baya, sai ka ji feda ta ɗan zame, kamar faɗin yatsa biyu ko uku, kafin ta kama. Mutum sai ya ɗauka sarƙa ce ta saki. Ba sarƙa ba ce, haƙorin ne ke kai da kawo a kan zare. Hob ɗin alminiyam ne, haƙori da zobe ƙarfe ne, kowane kai da kawo alminiyam ɗin ne ke cinyewa. Nawa ya ƙarasa ne a gangaren gadar sama ta Ƙofar Nasarawa. A irin wannan gangare gudu yana iya kai kilomita 40, ƙafa tana juyi sama da 100 a minti, dole ka danne baya da nauyinka duka. Zoben ya yi tsalle daga zarensa, haƙorin ya kwance, feda ta koma wayam. Birkin gaba ne ya tsayar da keken. Masu cire birki gaba ɗaya don gayu, su yi lissafin abin da zai faru a wannan daƙiƙar.

Abin haushin bai ƙare nan ba. Mai gyaran da ya karɓi tayar, mutum ne da ya ƙware a Raleigh da Phoenix da Hero, amma bai taɓa cin karo da zaren hagu a hob ba. Ya mayar da zoben, ya sa kurfi da guduma ya bi shi ta dama yana cewa ya ƙi kamawa. Ɗan zaren da ya rage, a nan ya tafi. Ban ga laifinsa sosai ba, aikin da bai saba ba ne, amma hob ɗin da zarensa ya cinye ba shi da magani. Ko dai ka nemo wani hob a warware wayoyin gargare 32 a sake saƙa tayar, ko ka haƙura da wannan gefen. Wasu za su ce a zuba gam a ɗaure haƙorin haka nan babu zobe. Kada ka yarda, ranar da zai kwance ba zai yi sallama ba.

Yadda ya kamata a yi tun ranar farko ba wuya. A kwance su biyun, a goge zaren, a shafa giris. A ɗaura haƙori da hannu har ya zauna, sannan a ƙara matse shi da sifana mai guntun sarƙa. In babu ita, a ɗaura zoben, a hau keken a taka da ƙarfi sau uku ko huɗu daga tsaye, ba tare da danne baya ko sau ɗaya ba, a tsaya da birki. Sai a sauko a sake matse zoben ta hagu da sifana mai ƙugiya, wadda ke shiga tsagin zoben, ba da guduma ba. Bayan mako guda a sake dubawa. Aikin minti goma ke nan, kuma mai sayarwa ko ambatonsa bai yi ba.

Yanzu tayar a juye take, ina kan firiwil mai 18. Juyawar ma tana da nata sharuɗɗa. Sifana 15 ce ke kwance notin aksul. Kowane haƙori ɗaya da ya ƙaru yana jawo aksul gaba da kamar milimita 3, wato daga 16 zuwa 18 taya ta matso kusan milimita 6, don haka in akwai birkin baya sai an sake daidaita robansa da bakin gargare. Sarƙa a bar mata wasan sama da ƙasa kamar santimita 1 a tsakiya, a juya kiranki a nemi inda ta fi tauri a auna a wurin. Mafi muhimmanci, firiwil ba ya tsayar da keke, kuma wannan keken da birkin gaba kaɗai ya zo. Sa'a ɗaya firam ɗin yana da hudar birkin baya. Wasu na tseren fili ba su da ita sam, a duba kafin a biya kuɗi.

Da na zauna a firiwil sai na fara ganin abubuwan da daɗin fiksi ya rufe mini ido a kansu. Kwana, misali. A shataletale in ka kwantar da keke, a firiwil sai ka ɗaga fedar ciki sama ka wuce. A fiksi fedar tana zuwa ƙasa ko kana so ko ba ka so, kuma da kiranki mai tsawon milimita 170 tana dukan kwalta, abin da ya sa masu hawansa da gaske suke sa mai 165. Ramuka kuma fa? Da damina ruwa ya rufe rami, kana so ka miƙe a kan feda ka sassauta gwiwa keke ya wuce a ƙarƙashinka, fiksi ba ya ba ka wannan damar. Sai sutura. Wandon kaftani ko bakin jallabiya in ya shiga tsakanin sarƙa da kiranki, a firiwil ka tsayar da ƙafa ka ja baya ya fito. A fiksi taya ce ke jan sarƙar, ba ta tsayawa, sai ta naɗe shi har ƙwauri. Haka yatsa, in kana goge ƙurar hunturu daga sarƙa taya tana juyawa. Ga maɗaurin ƙafa, wanda fiksi ba ya hawuwa lafiya sai da shi, shi kuma da silifas ba sa shiri.

Ina cewa firiwil ya fi dacewa da zirga-zirgar gari, kasuwa da ofis da makaranta, kuma a kan haka nake. Duk da haka in na shiga cunkoso hannu yana ta matsa birki, ina kewar wancan gefen, har na fara cigiyar hob mai faɗin milimita 120. Sai kuma in tuna sauran ƙananan fitintinun keken nan. Tayar 700 ba ɗaya take da mai inci 28 ta tsofaffin kekunanmu ba, waccan gargarenta milimita 635, wannan 622, ba ta shiga, kuma ba kowane shago ke ajiye ta ba. Bawul ɗin tif siririn nan ne, famfon mai faci ba ya kama shi sai da ɗan adafta a aljihu. Wurin ɗaura kariyar ɗaukar kaya babu, na madigadi ma babu, ranar ruwa bayan rigarka ne madigadin.