Shagon da muka yi hayar kayan shutin a Surulere, ga yadda muka kwashe da su

Tun satin da ya wuce 'yan ajin ƙasa da mu ke damuna a waya wai ina muka samo kayan da muka ɗauki fim ɗin furojet ɗinmu, to bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta in huta. Sunan shagon dai ba zan faɗa ba don akwai inda zan taɓa su, amma a Surulere yake, saman bene, kuma duk wanda ya san Legas ya san nan ce unguwar 'yan fim tun zamanin kaset.

Fim ɗin minti 12 ne, labarin wani yaro ɗan cirani mai shayi. Mu bakwai ne a gurup, muka ware Asabar da Lahadi, lokeshan kuma gidan kawuna a Agege da teburin mai shayin bakin layinmu. Ranar Alhamis muka je da 'yar takardarmu mun rubuta kamara, lens, fitila biyu, tiraifod (ƙafar ɗora kamara), shi ke nan. Mai shagon Bayerabe ne dattijo, kowa Oga yake ce masa, ya duba takardar ya dube mu ya ce ina kayan sauti? Muka ce ai kamara tana da makirfo. Wallahi dariyar da ya yi har yaran shagon sai da suka leƙo. Shi ya ƙara mana rikoda Zoom H6 da makirfo Rode NTG2 da sandar bum ta riƙe makirfon da wannan gashin da ake sa masa don iska, kuma yau da nake zaune ina editin ina sa masa albarka, don da ba don shi ba da fim ɗin kurame muka yi.

Kafin su ba ka ko murfin lens sai ka kawo katin makaranta, NIN, kuɗin ajiya, da wanda zai tsaya maka. Nan na sha wuya. Na je wajen kawu a abbatuwa ta Oko-Oba na ce Kawu don Allah hannu kawai za ka sa, ya ce kai ɗan nan in kuka fasa musu kaya shanuna zan sayar in biya? Sai da Umma ta sa baki tukun. Kuɗin hayar ba laifi, da suka ga ɗalibai ne suka caje mu kwana ɗaya da rabi maimakon biyu.

Abin da ya fi burge ni da su shi ne Oga bai bar mu mun fita ba sai da ya zaunar da mai kamararmu kusan awa guda. Sony A7 III ce suka ba mu, shi kuma mutumin namu duk a YouTube ya koya wajen Amurkawa, ya tashi zai saita firem 30 (hoto 30 a daƙiƙa) da shata 1/60 (tsawon lokacin da haske ke shiga kowane hoto), Oga ya ce ya nuna kamarar ga ƙwan fitilar shagon, sai ga hoto yana rawa, layi-layi na bi ta ciki. Ashe wutarmu ta Najeriya zagaye 50 take yi a daƙiƙa, ta Amurka 60, don haka mu a nan firem 25 da shata 1/50 ne lafiya. Ya kuma yi mana lissafin memori: 4K a kan megabit 100 tana cin wajen gig 45 a awa, wato kati mai gig 64 ko awa ɗaya da rabi ba zai kai ba, kuma kati ɗaya tal suke haɗawa da kamara. Dole ranar Juma'a bayan masallaci muka bi ta Computer Village a Ikeja muka sayi biyu. Ku duba wanda aka rubuta U3 a jiki, in ba haka ba kamarar ƙin ɗauka za ta yi a wannan saitin, kuma jabu sun yi yawa a kasuwar nan, ku gwada a laftof a gaban mai shago kafin ku miƙa kuɗi.

Ɗauko kayan ma aiki ne. Acaba an hana su a Surulere da Ikeja tun 2022, kuma ko ba a hana ba wa zai goya kamarar mutane a mashin? Danfo ma ban yarda ba, sai muka yi shatar mota muka bi ta Mushin zuwa Oshodi muka miƙe Agege Motor Road, go-sulo ya riƙe mu har bayan magariba, ni ina rungume da jakar lens kamar jariri.

To yanzu inda suka ba ni haushi. Batir uku suka ba mu, mu kuma da wautarmu wanda ke cikin kamara kaɗai muka gwada. Ranar Asabar ana tsakiyar sin ɗin da yaron ke kuka, ɗan wasan ya shiga ciki sosai hawaye na zuba na gaske, kamara ta ɗauke ɗif. Batir na biyu ne, ya nuna ya cika amma ko minti 15 bai yi ba. Kukan nan bai sake zuwa kamar na farko ba, sai da muka koma ga albasa. Sannan kebul ɗin makirfo, in yana ajiye lafiya lau, da mai bum ya motsa sai ƙarar-ƙarar kamar ana suyar ƙosai a kunnenka. Mun lallaɓa da salatif ranar Asabar, Lahadi da safe ya mutu gaba ɗaya, na kira shagon ya fi sau goma waya a kashe, ashe duk suna coci. Sai wajen ƙarfe biyu Oga ya kira ya ba da haƙuri ya turo wani kebul ɗin da ɗan aike, bai karɓi ko sisi ba, na yaba da wannan, amma hasken safiya ya riga ya wuce mu.

Kuma su abin da ka rubuta kawai suke ba ka, ƙananan abubuwa babu ruwansu. Ba su sa mana gilashin rage hasken rana ba, wanda suke ce wa ND, ranar tsakar gida ta ƙone mana farar rigar jarumin a hoto. Buhunan yashin danne ƙafar fitila ma babu, ledar piya wata muka ɗora, ta yi aiki kuwa, daga baya muka shanye. Rikodar nan batir AA huɗu take ci, in kuma ita ke ba makirfo wuta nan da nan take zuƙe su, dabarar ita ce ka sa wa NTG2 ɗin nasa batir guda ka kashe wutar da rikoda ke ba shi. Fakiti biyu muka saya duk da haka. Ku zo da doguwar wayar wuta, mu nadi biyu muka haɗa muka kai janareta can bayan gidan maƙwabta saboda ƙara, ku zo da lema da manyan ledoji don ruwan Legas ba ya sallama, da hadis (hard disk) biyu a riƙa kwafe aiki kowane dare.

Surutun Agege kam ba laifin shago ba ne, filin jirgin Murtala Muhammed na nan kusa, jirgi ya wuce a sama, kafin ka ce akshin jirgin ƙasa ya danna hon, Lahadi kuma lasifikar coci ta ko'ina. Da sassafe bayan asuba muka fi samun shiru. Yaran layi ma sun zo neman nasu da suka ga fitilu, da yake kawu ya riga ya gaya wa dattawan unguwa abin bai yi nisa ba, shayi da biredin Agege ya kashe maganar.

Litinin kafin goma na safe ake mayarwa, ka wuce su ƙirga maka wani kwanan. Sun ƙirga komai ɗaya bayan ɗaya, murfin bayan lens ya ɓata a hannunmu suka cire a kuɗin ajiya, wannan hakkinsu ne, sauran kuma sai ranar Juma'a ya shigo akawun bayan na yi ta bibiya. In wani aikin ya taso zan koma, saboda Oga, amma wannan karon kowane batir sai na sa shi a kamara na ga yadda yake sauka, kebul kuma sai na girgiza shi da abin ji a kunnena. Da na nuna masa mataccen batir ɗin cewa ya yi zai jefar, amma ina kallo ya manna masa jan salatif ya mayar durowa. In kun je aka miƙo muku mai jan salatif ku ce a canza.