Bita Kan Ƙwayar Myrkl Da Ake Cewa Tana Hana Ciwon Kan Barasa

Kamfanin de Faire Medical na ƙasar Suwidin ya fara sayar da ƙwayar Myrkl a Birtaniya a shekarar 2022, yana cewa tana rage ciwon kai da tashin zuciya da kasalar da masu shan barasa kan wayi gari da su. A cikinta akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani ga hanji da sinadarin L-cysteine da bitamin B12, kuma ana haɗiye biyu tun kafin a fara sha.

Inda gizo ke saƙar shi ne hujjar da aka kafa tallar a kanta. Gwajin da kamfanin ya dogara da shi mutum 24 kacal ya ƙunsa, kuma abin da aka auna shi ne yawan barasa a cikin jini, ba halin da mutum yake ciki da safe ba. Ita kanta ƙwayar, a matsayin ƙarin abinci ake sayar da ita, ba magani ba. A 2021 masana a jami'ar King's College ta Landan sun duba gwaje-gwaje 21 na wasu abubuwan da ake cewa suna maganin ciwon kan barasa, suka tarar hujjarsu tana da rauni ƙwarai. A ganina, kuɗinta ya fi amfaninta yawa.